Tsokaci a kan Littafin Four Theories of the Press a Manhajar Ilimin Sadarwa

Ɗalibin da ya kai aji uku ko huɗu a sashen koyar da aikin jarida a jami'o'in Nijeriya da wuya ya fita bai haddace ra'o'i huɗu na Siebert da Peterson da Schramm ba. An wallafa littafin nasu a Jami'ar Illinois ta Amurka a shekarar 1956. A cikinsa suka kasa jaridun duniya gida huɗu, wato ra'in kama-karya, da ra'in cikakken 'yanci, da ra'in sauke nauyin al'umma, sai kuma ra'in gurguzu irin na Tarayyar Sobiyat. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba ko wannan ma'auni ya dace da abin da ake sa ɗalibi ya auna da shi.

Ba a musun amfanin littafin. Ginshiƙin maganarsa shi ne, jarida takan ɗauki kamannin tsarin mulki da zamantakewar da ta tashi a ciki. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ita ce ma hujja ta farko a kan masu koyar da littafin tamkar karatun allo. Idan har jarida 'yar gidansu ce, to littafin ma ɗan gidansu ne. An rubuta shi ana tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, kuma babin da Schramm ya rubuta a kan Sobiyat, kallon abokin gaba ne daga tsallaken rafi. Ra'in sauke nauyi kuwa, daga rahoton Kwamitin Hutchins na 1947 ya samo tushe, wanda matsalolin jaridun Amurka kaɗai ya sa a gaba. Su kansu marubutan sun yarda cewa biyu daga cikin ra'o'in rassa ne na sauran biyun. Ke nan huɗun ma ba su cika huɗu ba.

Babban naƙasun littafin shi ne tambaya ɗaya tak yake yi: mene ne tsakanin hukuma da jarida? Idan aka ɗora wannan tambaya a kan tarihin Nijeriya sai a ga ta kasa. Alal misali, Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka kafa a Zariya a 1939, jaridar gwamnatin mulkin mallaka ce. A bisa ƙa'idar littafin, gidan kama-karya za a jefa ta. Amma a shafukanta ne Abubakar Imam ya buɗe wa masu karatu filin wasiƙu, inda aka riƙa taɓo al'amuran En'e da ba a iya faɗa a fada. Shin ɗalibin da ya rubuta "kama-karya" ya samu makinsa, ya fahimci jaridar? Haka kuma, a 1975 gwamnatin soja ta karɓe kashi 60 cikin ɗari na hannun jarin Daily Times, a 1984 kuma aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian ƙarƙashin Dokar Soja ta 4. Duk da haka jaridu masu zaman kansu ba su daina fitowa suna suka ba. Ƙasa ɗaya, zamani ɗaya, ga takunkumi ga kuma bakin magana. Littafin bai tanadi gurbin wannan ba.

Akwai kuma abin da littafin bai ko waiwaya ba, wato harshe da mai sauraro. Bahaushe da kunne ya fi karɓar labari. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan Rediyon Kaduna kuma a 1962. Manomin da ke kama tashar waje da asuba ya tsallake takunkumin ƙasarsa ba tare da ya bar gona ba, don haka auna 'yancinsa da dokar jarida kaɗai gajeren awo ne. Kafin rediyo ma akwai sanƙira da maroƙa da tambari, kuma gwagwarmayar NEPU da NPC a shekarun 1950 da waƙa aka yi kaso mai yawa nata. Frank Ugboajah na Jami'ar Legas ya ja hankali ga irin waɗannan kafofin baka tun a shekarun 1980, amma a kundayen kammala digiri sau da yawa a gefe ake ambatonsu, ra'o'in huɗu su ne a babi na biyu.

An yi ƙoƙarin yi wa littafin ƙari. McQuail (1983) ya kawo ra'in jaridar raya ƙasa da na damawa da jama'a. Sai dai ƙara ɗaki ba ya gyara harsashi, kuma na farkon ya zama mafakar gwamnatocin da ke neman jarida ta yi shiru da sunan cigaba. Nerone da abokansa (1995) sun warware littafin ciki da bai, bayan rushewar Sobiyat a 1991 ta bar ɗaya daga cikin gidajen huɗu kusan kango. Hallin da Mancini (2004) sun sake salo, suka fara da nazarin ƙasashe 18 kafin su fitar da rabe-rabe, kuma ba su yi da'awar cewa sakamakonsu ya game duniya ba. Wannan hanya ce ta fi cancanta a aji huɗu: a ba ɗalibi tsofaffin kofen Gaskiya da Dokar Soja ta 38 ta 1992 wadda ta buɗe ƙofar tashoshi masu zaman kansu, a tambaye shi wa ya mallaki kafa, da wane harshe take magana, wa ke biyan kuɗinta. Littafin 1956 kuwa a mayar da shi darasin tarihin fannin, a karanta shi tare da masu sukarsa.