Kango da Makiyayi a Zanen Benis: Darasi ga Mai Zane na Ƙasar Anka

A ƙarni na 18, masu zane na birnin Benis a ƙasar Italiya, irin su Marco Ricci (1676–1730) da Francesco Zuccarelli (1702–1788), sun shahara da wani salo, wato makiyayi da dabbobinsa a bakin rafi, ga rusassun gine-gine irin na Rumawa a bayansu. Ba wani wuri takamaimai suke zanawa ba, harhaɗawa suke yi don jin daɗin masu saye, musamman attajiran Ingila. Ba mu musun gwanintarsu wajen sarrafa haske da nisa, kuma ya kamata ɗalibanmu su koye ta.

Sai dai a ganinmu salon yana da illa. Kango a cikinsa ado ne kurum, ba ya sa a tambayi wa ya tashi, ko me ya tashe shi, domin masu ginin sun shuɗe fiye da shekara dubu.

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum kuwa, kufai yana da masu shi, waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka kora. Haka kuma a 2010 gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, alhali a ido ƙasar ba ta sake kama ba. Ɗalibin da ya dubi wannan ƙasa da idon Zuccarelli, hotonsa zai yi kyan ɗan maciji.

Saboda haka muna ba malaman zane shawara, kafin ɗalibi ya zana kufai, a nemi ya san sunan garin da inda mutanensa suka koma, kuma hakan ya bayyana a aikinsa.