Masu cusa giris a Abu Hujar

Hanyar Sinja zuwa Damazin ta bi ta Abu Hujar, amma motocin da ke kwaso dawa da riɗi daga gonakin Dali da Mazmum ba kwalta suke takawa ba. Baƙar laka da damina, ƙura da rani, kowacce na cinye boris. Shi ya sa nake jinjina wa makanikan garin. Bakanike zai wanke boris da kananzir, ya ɗora giris a tafin hannu, ya yi ta dannawa har man ya ɓullo ta ɗaya gefen. Shafa shi a waje kawai ha'inci ne. Sannan ya ɗaure noti, ya ɗan sassauta, ya juya tayar yana kasa kunne, kafin ya ce wa direba, "Malam, Allah ya kiyaye hanya."