Yayin Wanke Dodo a Fina-finai

Masu shirya fim a Amurka da Turai sun shiga yayin wanke dodanni, ni kuwa abin ya fara gundurata. Mugun da kowa ya sani tun fil azal sai a dawo da shi cikin sabon fim, a ce ai ba halinsa ba ne, duniya ce ta cuce shi. An yi wa Maleficent haka a 2014, aka yi wa Cruella a 2021. Da Guillermo del Toro ya fitar da nasa Frankenstein a 2025, sai ga dodon ya fito kamar marayan Allah, shi kuwa Victor da ya haɗa shi aka jibga masa kusan dukkan laifin.

Ba na musun cewa akwai tsohon zaluncin da ake son gyarawa. A fim ɗin Frankenstein na James Whale na 1931, wanda Boris Karloff ya fito a matsayin dodon, an hana shi magana sai gurnani, aka kuma ƙago cewa ƙwaƙwalwar wani mai laifi aka saka masa bisa kuskure. Wato mugunta a jininsa take, fuskarsa kuma shaida ce. Shekara da shekaru aka yi ana bin wannan hanya, duk mai tabo a fuska shi ne azzalumin fim, har a 2018 Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta ce ta daina ba da kuɗi ga fim ɗin da ya mai da tabon fuska alamar mugunta. Wannan kam sun kyauta.

Amma Mary Shelley, da ta wallafa littafin Frankenstein a 1818, ba haka ta rubuta ba, kuma ba irin na yanzu ta rubuta ba. Dodonta tsawonsa ƙafa takwas, muninsa ya sa Victor ya arce daga ɗakin a daren da ya buɗe ido. Ya koyi magana ta hanyar laɓewa kusa da bukkar iyalan De Lacey, yana saro musu itace cikin dare ba su sani ba. Mutum guda da ya saurare shi da mutunci shi ne tsohon gidan, kuma makaho ne. Nan mai karatu ke jin tausayi, ya kuma kamata ya ji.

Sai dai wannan mai saran itacen shi ne ya shaƙe William, ƙanin Victor, yaro ƙarami. Bai tsaya nan ba. Ya ɗauke ɗan hoton da ke wuyan yaron ya cusa a rigar Justine, yarinyar gidan su Victor da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, don a kama ta. Wannan ba ɓacin rai ba ne na ɗan lokaci, makirci ne na mai hankali. Victor kuma, ɗan manyan Geneva, mai ilimin jami'ar Ingolstadt, ya zauna a kotu yana da yaƙinin wanda ya yi kisan, ya ja bakinsa ya yi gum don kada a ce ya haukace. Aka rataye Justine. Hannu biyu ne suka kai ta ga igiya, ɗaya mai ɗinki da tabo, ɗaya mai laushi.

Del Toro ya mai da William babban mutum mai shirin aure, don haka kisan yaron ya ɓace, nauyin da ke kan mai kallo ya sauka. Abin da ke damuna ke nan. Da ana cewa mummuna mugu ne, yanzu ana cewa mummuna waliyyi ne, kyakkyawa shi ne shaiɗan. Har yanzu dai fuska ake dubawa a yanke hukunci, juya ma'aunin kawai aka yi. Kuma akwai raini a ciki: wanda aka ce ba zai iya aikata laifi da gangan ba, an cire shi daga sahun masu hankali.

Fim ɗin del Toro ya ƙare da yafiya tsakanin uba da ɗa, wato Victor da dodon. A littafin, Victor ya riga ya cika a jirgin ruwan wani kyaftin mai suna Walton kafin dodon ya iso ya tsaya kan gawar yana kuka, Walton kuma ya dube shi ya kira shi munafuki.