Haddar Dogayen Kalmomin Ingilishi a Gure

A shafukan ƙarshe na kayen ɗan koleji a Gure, wato littafin rubutunsa, inda yara ke rubuta abin da mushe, wato malaminsu, bai sa su ba, sau da yawa za ka tarar da jerin kalmomin Ingilishi masu wutsiya iri ɗaya: education, administration, constitution a layi guda, government da development a wani. Gefen kowace an rubuta ma'anarta da Faransanci, wani lokaci da Hausa. Wannan hadda ta cancanci a zauna a dube ta, musamman yanzu da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

Tara kalmomi saboda harafin da ya haɗa su ba baƙon abu ba ne a ƙasar Muniyo, inda Gure take. Al-Ƙamusul Muhiɗ na Firuzabadi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 15, da harafin ƙarshe na tushen kalma aka jera babobinsa, bisa tsarin da Jauhari ya bi a Sihah tun ƙarni na 10. Mai neman ƙafiyar waƙa sai ya buɗe babi ɗaya ya kwasa. Su ma gwanayen alarammomin Manga da Barno sun san ayoyin da suka yi kama da juna, da harafin da ya raba su. Yaron da ke jera kalmomi a kaye, ko ya sani ko bai sani ba, gadon gida yake taɓawa.

Dabarar tana ci, kuma tarihi ne ya sa. A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu shekaru aru-aru, sannan malamai suka ƙara ɗebo kalmomi daga Latin da Girkanci. Shi ya sa akasarin dogayen kalmomin Ingilishi ke da 'yan'uwa a Faransanci, wasu ko harafi bai bambanta su ba. Ɗan Gure da ya yi shekara shida a lakwal kafin ya fara Ingilishi a ajin farko na koleji ya riga ya san information da population. Lafazi kawai zai gyara. Takwaransa na Nguru ko Gashuwa, can tsallaken iyaka a Yobe, ba shi da wannan tsani. Haka kuma inter- na nufin tsakani, tele- na nufin nesa, -able na nufin abin da zai yiwu. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya san aikin ma- a cikin makaranta, majema, mabuɗi da maɗinki.

To amma ya san cewa ma- ɗin masara da madara da mage ba ta ɗauke da komai. Nan ne masu hadda ke tuntuɓe, don jerin ba ya faɗa musu inda haruffa ke da ma'ana da inda haɗuwa ce kawai ta rubutu. In- tana kore abu a incorrect, sai yaro ya ɗauka invaluable na nufin marar daraja, alhali abin da darajarsa ta wuce ƙima ne. Tankokin mai da ke bin babbar hanyar Zinder zuwa Diffa suna ɗauke da inflammable a jikinsu. Wanda ya fassara ta da ƙa'idar kaye zai ce ba ya kama wuta. Faransancin da ya yi rana ma yakan yi dare: library ɗakin karatu ne, librairie kantin sayar da littattafai, deception yaudara ce, déception kuwa takaicin rashin samun abin da aka sa wa rai.

Akwai kuma masu farautar tsawo don burga. Kalmar nan mai haruffa 45 da ake cewa sunan ciwon huhu ne na shaƙar ƙura, a 1935 shugaban wata ƙungiyar masu wasan wasa ƙwaƙwalwa ta Amurka, Everett Smith, ya ƙirƙiro ta, da gangan don ta fi kowace tsawo. Likitoci silicosis suke cewa su wuce. A ganina haddace irinta ba laifi ba ne, muddin an san wasa ake yi.

Babban giɓin jerin shi ne gajerun kalmomi, waɗanda Ingilishi ya gada daga tushensa na Jamusawa, Faransanci kuma ba ya ceton kowa a kansu. Get, put, off, up: su ne ke cika bakin mai magana, kuma ma'anarsu na sauyawa da abokin da suka jingina da shi, yadda give up ta zama saduda, put off ta zama ɗagewa. Though, through, tough da cough duk haruffa huɗu iri ɗaya ne suka rufe su, amma kowace da lafazinta. Sai ka ga ɗalibi ya karanta sakin layi kan tsarin mulki ya gane sarai, ya zo tambayar da ke ƙasa ya tsaya cik a kan find out.