Kornei Chukovsky: Mawaƙin da Ya Ɗauki Wasan Yara da Muhimmanci

Da yawa daga cikin masu sha'awar rubutu suna ɗauka cewa rubuta wa yara shi ne mafi sauƙin aiki, wato a sami ɗan labari a liƙa masa nasiha a ƙarshe, shi ke nan. Rayuwar Kornei Chukovsky, shahararren mawaƙin yara na ƙasar Rasha, ta isa ta kawar da wannan zato.

An haife shi a shekarar 1882 a birnin Santa Fitasbag, ya tashi a Odesa a hannun mahaifiyarsa, wadda take wankau don ta ciyar da 'ya'yanta. Sunansa na yanka Nikolai Korneichukov, daga sunan mahaifiyar tasa ya yanko sunan alƙalaminsa. An kore shi daga makarantar sakandare saboda ƙasƙancin asali, amma ya koya wa kansa Turanci, har wata jaridar Odesa ta tura shi Landan a 1903. Kafin ya rubuta wa yara ko da ɗango ɗaya, ya riga ya yi suna a fagen sharhin adabi da fassara. Ashe ke nan da ƙwarewa ya shigo fagen.

Waƙarsa ta farko ta yara, "Krokodil", wato Kada, ta fito a 1917. Sai "Moidodyr" da "Tarakanishche" a 1923, sannan "Aibolit" a 1929. A "Moidodyr", ƙazamin yaro ne bargonsa da matashinsa da sauran kayansa suka guje masa, har sai da ya yi wanka suka dawo. Jigon tsabta ne, amma mai karatu zai lura cewa kafin nasiha ta zo, yaro ya sha dariya ya ƙoshi. A "Tarakanishche" kuwa, kyankyaso mai gashin baki ne ya firgita giwaye da sauran manyan dawa, har ya ce su kawo masa 'ya'yansu ya ci, sai wani ɗan tsuntsu ya sauko ya haɗiye shi. Yaro na ganin raha, babba kuma na ganin yadda tsoro kaɗai ke ɗaure wa azzalumi gindi.

Wannan salo ba dace ba ne. Chukovsky ya shafe shekaru yana tattara maganganun ƙananan yara, ya fitar da littafin da aka sani da "Daga Shekara Biyu Zuwa Biyar". A ciki ya shimfiɗa wa mawaƙan yara ƙa'idoji: kowane baiti ya ba mai zane abin zanawa, hotuna su riƙa sauyawa da sauri, a yawaita aikatau a rage sifa, amsa-amo ya kasance kusa da juna, waƙa ta yi daɗin rerawa da tsalle. Bugu da ƙari, ya nace cewa waƙar yara dole ta zama waƙa ta gaske ko a kunnen babba. Ya kuma yi bayanin cewa yaron da ke dariya idan an juya masa duniya a baibai, yana tabbatar wa kansa ne cewa ya san daidai ɗin.

To, a kan wannan ne ya sha wuya. A 1928 Nadezhda Krupskaya, matar marigayi Lenin, ta caccaki "Krokodil" a jaridar Pravda, tana ganin shirme ne irin na 'yan jari-hujja. Masana tarbiyya na lokacin sun ɗauka tatsuniya tana rikita wa yaro hankali. Maksim Gorki ya kare shi, amma matsin bai sassauta ba. A ƙarshen 1929 Chukovsky ya fito a jarida ya nesanta kansa daga tatsuniyoyinsa, ya yi alkawarin waƙe gonakin haɗin gwiwa. Bai taɓa cika alkawarin ba, kuma ya yi nadamar wannan mataki. 'Yarsa Mura, wadda ya tsara yawancin waƙoƙin dominta, ta rasu a 1931, rijiyar waƙarsa kuma ta kusan ƙafewa tsawon shekaru.

Duk da haka, adalcin sharhi shi ne a faɗi aibi. A "Barmalei" ta 1925, Afirka dajin tsoro ce da ake gargaɗin yara kada su je, a "Aibolit" kuma dabbobi kawai likita ya tarar. Mawaƙin da ya saurari yara da irin wannan natsuwa ya aro hoton nahiyarmu daga littattafan Turawa bai tantance ba. Ƙwarewa a salo ba ta wanke marubuci daga rubuta abin da bai sani ba.

Jami'ar Okusfod ta ba shi digirin girmamawa a 1962, ya rasu a 1969, yaran Rasha kuwa har yau suna haddace waƙoƙinsa. 'Yan'uwa marubuta, mu da muka gaji Gizo da Ƙoƙi da waƙoƙin gaɗa, kafin mu ɗauki alƙalami don yara, mu fara zama mu ji yadda suke magana.