Dabbobin Ulu da Hadisin Rubayyi'u: Nazarin Wani Ƙiyasi

Sana'ar curar dabbobi da ulu, wadda ta yaɗu a Amurka da Japan a matsayin abin ɗebe kewa, ba ta buƙatar zare ko ɗinki. Mai yin ta yana ta soka wata allura mai ƙananan ƙayoyi a cikin gashin tumaki har silin gashin su sarƙe da juna, su yi tauri, surar kyanwa ko zomo ta fito.

Masu halatta ta kai tsaye suna kafa hujja da hadisin Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu da ke cikin Bukhari da Muslim, inda ta ambaci cewa suna yi wa yaransu abin wasa na ulu ranar azumin Ashura domin su shagala da barin neman abinci. Suna ƙarawa da dokin nan mai fukafukai na Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, wanda Abu Dawuda ya ruwaito. Ruwayoyin tabbatattu ne, amma ƙiyasin yana da rauni. Abin da ya haɗa asali da reshe a nan ulu ne kawai, ulu kuwa ba illar hukunci ba ne. An yi rangwamen ne don maslahar yaro, a kan abin da ake ja a ƙasa, a tsotsa, a yar. Kyanwar da aka yi wa ƙashi na waya da idanun gilashi, aka dasa mata gashi sili-sili, sannan aka killace ta a akwatin gilashi don tunawa da wadda ta mutu, ba yaro aka yi wa ita ba. Kwaikwayon halitta shi ne ainihin abin da gwanin yake nema.

Sai dai masu haramta sana'ar ɗungurungum su ma sun yi gaggawa. Shehu Dardiri (ya rasu 1201 Hijiriyya), a babin walima na sharhinsa ga Mukhtasar, ya rataya haramcin ga surar mai rai, mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, a mazhabar Malikiyya kuma an toge 'yar tsanar yara mata. Ɗan ragon da uwa ta cura wa 'yarta yana da mafaka a wannan togaciya.

Wurin da ya fi wuya shi ne kan kyanwa zalla da ake kafewa a cikin firam, salon da ya shahara a Japan. A ma'aunin Malikiyya gaɓoɓinsa ba su cika ba. Ga waɗanda ke ganin kai shi ne surar kuwa, ba abin da ya ragu daga gare ta.