Maganar "Wane Ya Haye"

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin iyaye a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan. In yaro ya ci jarrabawa, sunansa ya fito cikin waɗanda jami'a ta ɗauka, sai ka ji ana cewa, "Shi ke nan, wane ya haye." A yi ta barka, a ɗinka masa sababbin tufafi, a raka shi tasha, kowa ya koma sha'aninsa. Wannan magana ita mu ke so mu auna a nan, domin ta jawo wa yara da yawa hasara, masu faɗinta kuwa ba su sani ba.

Mu fara duba baya kaɗan. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ran 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426 kacal. A wancan zamani ɗalibi ya kan sami ɗaki, a dafa masa abinci, malaminsa kuma ya san shi da suna. Duk da wannan gata, shugabannin jami'ar sun lura yaran Arewa suna zuwa da ƙarancin shiri. Sabo da haka, a zamanin Ishaya Audu, wanda ya shugabance ta daga 1966 zuwa 1975, aka kafa makarantar share fage, don a gyara yaro kafin ya shiga babban karatu. Tun 1984 gwamnati ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai, yawansu kuwa ya kai dubbai barkatai. To, in masana sun ga yaro yana bukatar shiri sa'ad da abubuwa su ke da sauƙi, ina dalilin cewa ya haye yanzu?

Abu na fari da zai tarar a Samaru ko Kongo shi ne harshe. Yaron da ya saba malami ya karanta da Turanci ya fassara masa da Hausa, yau ga shi cikin zaure tare da ɗaruruwan ɗalibai, malami na zuba Turanci ba tsayawa, ba mai tambayarsa ko ya gane. Kunya ta hana shi ɗaga hannu, gudun kada 'yan birni su yi masa dariya. Na biyu shi ne sakewa. Babu ƙararrawa, babu bulala, babu mai tashinsa da asuba. In ya ga dama ya je aji, in ya ga dama ya kwanta. Na uku kuwa ciki ne. Shi zai yi cefane, shi zai dafa, shi zai lissafa yadda guzurinsa zai kai ƙarshen wata, alhali a gida bai taɓa auna ko mudun shinkafa ba.

Ga kuma wani abu da iyaye da yawa ba su sani ba. A jami'a ba a yafe makin shekarar farko. Ana tara shi ne a haɗa da na sauran shekaru, da shi za a yanke darajar digirin yaro ran fita. Darasin da ya faɗi kuwa tilas ya sake ɗaukarsa baɗi, a kan nauyin sabuwar shekara. Watau wanda ya yi sakaci a watanninsa na fari, ramin da ya gina zai yi shekaru yana cikewa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Babban laifinmu a wannan yanki ya taso ne daga kusancinmu da Zariya. Da ya ke mota ɗaya ce daga Hunƙuyi ko Makarfi, sai iyaye su mai da ɗalibi ɗan aike. Lokacin saran rake a kira shi, ranar kasuwa a kira shi, in tumatir ya nuna a fadamun Ikara a ce ya zo ya taimaka da tsinka. In 'ya mace ce, kowane biki da suna sai an aika ta zo. Ɗan da ya fito daga Maiduguri yana zaune a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, namu yana bisa hanya, sa'an nan ran jarrabawa a yi mamakin yadda na nesa ya wuce shi.

Wani zai ce, "Mu da ba mu yi boko mai zurfi ba, me za mu iya?" Wannan hanzari ba ya karɓuwa daga wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci. Kai ka san yadda watan fari ya ke, sa'ad da alƙalami ke rawa a hannunka, kana jin kunyar tambaya. Abin da ɗanka ke ji ke nan, sai dai nasa ya fi girma. Tun da ka iya karatu, ka ce ya kawo maka takardar sakamakonsa ƙarshen kowane zango, ku duba tare. Ka tambaye shi inda ya ke kwana, da waɗanda ya ke ci da su. Guzuri kuma, kaɗan da ke zuwa kan lokaci ya fi mai yawa da ba a san ranar zuwansa ba.

Ba mu ce iyaye kaɗai ke da laifi ba. Ya kamata makarantun sakandare su horar da yara su rubuta abin da su ka ji da kansu, manyan ɗalibai na kowane gari kuma su riƙa karɓar ƙannensu su nuna musu hanya. Amma wanda ya haifa shi ya fi kowa hasara in yaro ya dawo hannu wofi. Sabo da haka mu ajiye barkar "ya haye" sai ran da ya fito. Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, amin.